Karen da Ishawu Ya Tura Paga

Wanda duk ke neman Ishawu a unguwar Maamobi ta Accra ba sai ya tambayi kowa ba, ya tsaya ya kasa kunne kawai. Inda ya ji murya ɗaya ta danne sauran tana cewa "ni fa jikan Saje ne", to can mutumin yake. Kakan nan nasa ya yi ɗan sanda tun zamanin Turawa, ya rasu ba a ko haifi Ishawu ba, amma har yau bawan Allah bai samu hutu ba, kullum sai jikansa ya taso shi a bencin masu shan shayin ataya. Sana'ar Ishawu sayar da caja da murfin waya a bakin titin Nima. Sai dai in ka ji shi yana bayanin yadda ake kama ɓarawo, ka rantse jiya-jiya ya ajiye kaki.

To, a shekarar da nake ba ku labari, sata ta addabi layinsu. Yau akuya, gobe tukunyar gas, jibi a kwashe shanya har da igiyar. Alhaji Bukar mai unguwa, dattijon da ba ya son dogon zance, ya ce za a kafa 'yan sintiri, kuma ƙarshen wata zai naɗa musu shugaba a gaban jama'a. Har ya sayo kayan naɗin, wata riga mai sheƙi ruwan goro irin ta masu ba da hannu a titi, da usur, ya rataye su a bakin zaurensa. Tun ranar da Ishawu ya ɗora ido a kan rigar nan bai ƙara samun sukuni ba. Ya haura arba'in ba wanda ya taɓa damƙa masa ko makullin famfo, kuma duk cika bakin nan da kuke ji, abin yana cin sa a rai. Rigar nan yake so, so na haƙiƙa. Matsalar ita ce Seidu mai walda, abokin tsokanarsa tun suna yara, shi ma ya ce yana so, ga shi ƙato, damtsensa ɗaya ya yi cinyar Ishawu.

Ishawu ya auna kansa ya auna Seidu, ya ga da ƙarfi dai ba za a yi ba, sai da kimiyya. A waya ya ga wani gida can bayan gari inda ake tsinto karnukan titi, a yi musu magani, a ba wanda zai riƙe su tsakani da Allah. Abin da ya tsaya masa a rai, an ce kowane kare sai an sa masa wata na'ura a jiki kafin ya fita. Kare mai na'ura! Bai ko gama kallon bidiyon ba ya tattara cajojinsa ya tari trotro, bas ɗin haya.

Likitar gidan, Dakta Sherifa, 'yar Accra New Town ce, Hausa tar a bakinta. Ta zaunar da shi ta yi ta tambaya: ina karen zai kwana, me zai ci, ya taɓa kiwon kare? Ishawu ya gyara zama ya ce ai gidansu ne ke horar da karnukan gwamnati tun kafin a samu 'yancin kai. Jin haka ta kai shi wurin wani baƙin ƙato mai kai kamar turmi. Karen ya yi haushi sau ɗaya, sai ga Ishawu ya koma bayan likita. Ya yi gyaran murya ya ce wannan surutu ya yi masa yawa, aikin asiri ba ya son mai baki. Ya zaɓi wani siriri ja mai kunne ɗaya a kwance, wanda aka ciro daga kwata da karyayyar ƙafa aka yi jinyarsa har ya warke. Nan take ya raɗa masa suna Kwamanda.

Likita ta kawo wani abin shafawa, ta ɗora a bayan wuyan karen, ya yi ƙara, lambobi suka fito. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Na'urar, maikurocip suke ce mata, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, tana ƙarƙashin fata. Ba ta da batir, lamba ce kawai a ciki, lambar kuma yanzu an haɗa ta da sunansa da lambar wayarsa da gidan da yake zaune. In kare ya ɓata aka tsince shi, a shafa, a san mai shi. Ba ta nuna inda kare yake, wannan har maimaita masa ta yi. Ta kuma ce in ya ga riƙon ya fi ƙarfinsa ya dawo da shi, ba abin kunya ba ne, kada dai ya yar.

Ishawu ya kanne mata ido ɗaya. Ai ya gane. Irin wannan sirri ba a faɗa wa farar hula, dole ta ce haka. Shi da yake harkar waya, shi za a gaya wa na'ura ba ta nuna wuri?

Kwandastan trotro ya ce ko a rufin mota ba zai ɗauki kare ba. Ƙarshe a bayan aboboya, babur mai ƙafa uku, cikin buhunan gawayi suka shigo Maamobi, shi da Kwamanda duk sun yi baƙi ƙirin, yana ɗaga wa mutane hannu. Gwaggonsa Hajiya Sanatu mai waakye, wato shinkafa da wake, wadda a gidanta yake da ɗaki, ta tare ƙofa da ludayi a hannu. Ta ce ita ta je Makka ta dawo, ba za a kore mata mala'iku daga gida ba saboda haukan ɗan ƙaninta. Ya ce malamai sun halatta karen gadi. Ta ce to ya je ya yi gadin a gidan malaman. Da ƙyar aka daidaita za a ɗaure shi a waje, jikin bango.

Da la'asar ya ja karen zuwa benci. Masu ataya suka ɗage ƙafafu, kowa ya tattare rigarsa. Ishawu ya ce su kwantar da hankali, daga yau sata ta ƙare. Wannan kare akwai na'ura a wuyansa mai magana da tauraron ɗan'adam. Ɓarawo ya shigo, Kwamanda ya bi shi, shi kuma yana kwance a ɗaki yana kallon komai a waya. Ya zaro wayar ya buɗe taswira, don shi kansa yana so ya gani. Sai ga wani ɗigo shuɗi yana numfashi a tsakiyar Maamobi, daidai inda suke zaune. Wallahi shi ma sai da gabansa ya faɗi don murna.

"Ga shi nan," in ji shi. "Ga Kwamanda."

Aka yi ta miƙa wuya. Seidu ya kurɓi shayinsa ya ce, "Cale, abokina, in karen ya tashi, ɗigon zai bi shi?"

"Taso ka gani, mai walda."

Ishawu ya ja igiya da hagu, waya a dama, jama'a na biye, suka zaga ta bayan masallaci suka ɓullo ta wurin masu niƙa. Duk inda karen ya sa ƙafa ɗigon na tare da shi, da suka tsaya ya tsaya. Wani tsoho ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe. Seidu ya ce a ba shi igiyar shi ya zaga, Ishawu ya tsaya nan da wayar. Ishawu ya ce karen gwamnati ba ya karɓar umarni daga mai walda. Kafin magariba labari ya kai Nima, har an ƙara masa gishiri, wai karen yana ɗaukar hoto da ido.

Washegari aka sace wa mai koko tukunyar gas. Ishawu kam satar nan daɗi ta yi masa. Ya kawo Kwamanda ya shinshina wurin, karen ya ɗaga hanci sama, ya fizgi igiya ya miƙi hanya. Ishawu na gudu-gudu a baya, mata na biye. Suka tsallake titi suka shiga lungu, Kwamanda ya je gaban teburin wani mai tsire ya zauna, ya kafe shi da ido yana dalalar da miyau. Ishawu ya ci kwalar mutumin ya ce ya fito da tukunya. Mai tsiren, wani dogon ɗan Bawku, ya miƙe tsaye da wuƙar aikinsa a hannu, ya yi ta miƙewa ba ya ƙarewa. Ishawu ya saki kwalar ya shiga gyara masa ita, ya ce dama gwaji ne, duk mutanen kirki ana yi musu. Suna cikin haka Kwamanda ya suri tsinke biyu ya shige ƙarƙashin mota. A benci Ishawu ya ce samfur karen ya ɗauka don bincike. Seidu ya ce Allah ya sa sakamakon ya fito da yaji.

Ɓarna ta biyu ta fi muni. Rana ta take, ƙishirwa ta kama Kwamanda, ya ci igiyarsa ya tsinke, ya nufi inda ya ga ruwa. Ina ne kuwa in ba ƙofar masallaci ba, inda ladan ya jera butoci cike don azahar. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lasar bakinsu kamar mai duba fareti, masallata suka iso suka tarar da shi a kai. Ba wanda ya san wacce ya taɓa wacce ya bari, don haka liman ya ce duka. Wanki bakwai kowace, ɗaya da ƙasa, kuma mai kare ne zai yi. To a Maamobi ina ƙasar? Ko'ina siminti ne da kwata. Sai da Ishawu ya je wurin masu gini ya roƙo yashi a leda, aka dawo aka kafa musu ko yashi ƙasa ne. Ya durƙusa a rana yana cuɗa butoci, tsofaffi sun kewaye shi suna ƙirga masa, in ya ce bakwai su ce biyar. Ranar, azahar ta kusa haɗuwa da la'asar.

Abin da ya karya shi kuwa akuya ce. Wata tsohuwar akuya mai ƙaho ɗaya da ke kiwo a bakin kwata ta dubi Kwamanda, ta sunkuyar da kai. Karen gwamnati ya saki kuka, ya kwasa a guje, ya faɗa gidan Hajiya Sanatu, ya yi karo da tukunyar miyar da za a fita da ita. Tukunya ta kife, miya ta malale tsakar gida, ƙwai da ganda suna gangarawa, shi kuwa da ya ga abin ya riga ya zama haka sai ya tsaya ya ci. Abin da Hajiya ta faɗa wa ɗan ƙaninta ranar ba zan maimaita ba. Ta yafa mayafi ta tafi wurin mai unguwa da kanta. Alhaji Bukar ya kira Ishawu zaure, ƙarƙashin rigar da ke rataye, ya ce in karen nan ya ƙara ɓarna ɗaya a layin, ya cire ransa daga riga.

Ishawu ya fito yana tunanin mafita. Ya mayar da kare wurin likita, bayan ya gaya mata gidansu ke horar da na gwamnati? Ina! Ya ce wa mutane karen banza ne, Seidu ya samu abin dariya har tsufa? Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarunsa. Da sassafe ya tari aboboya ya kai Kwamanda kasuwar Agbogbloshie, can cikin manyan motocin albasa inda hayaniya ba ta barin kowa ya lura da kowa. Ya gutsuttsura masa burodi a ƙasa, ya kwance igiyar. Karen na ci yana kaɗa wutsiya, Ishawu ya sulale ta bayan buhuna. Bai ji daɗi ba, gaskiya, don duk Maamobi wannan halitta kaɗai ke sauraron labarin Saje har ƙarshe. Amma ya tuna rigar, ya ƙara sauri.

A cikin trotro ya ce bari ya duba ko karen na nan inda ya bar shi. Ya buɗe taswira. Ɗigon ba ya Agbogbloshie. Yana kan titi, yana tafe, daidai da motar. Ishawu ya leƙa ta taga, ba kare. Ya sunkuya yana duba ƙarƙashin kujera har wata mata ta ɗirka masa jaka a ka. Ya sauka a tashar Circle ya canza mota, ɗigon ya canza tare da shi. Ya iso gida ya shige ɗaki ya kulle ƙofa, ya duba, ga shi nan a cikin gidan Hajiya yana numfashi. Ya ɗaga katifa, ya buɗe akwati, ya leƙa bayan ƙofa. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Wato ko dai karen ya fi shi wayo, ko kuma dama can ba kare ba ne. Ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya kashe wayar, ya cusa ta ƙarƙashin tulin cajoji, ya rantse ba zai kunna ba sai an gama naɗi.

A benci kuwa da fara'arsa ya fito. Ya rage murya ya ce manya sun aiko an ɗauki Kwamanda aro, ana wani aiki a kan iyaka, can arewa, a Paga. Kada kowa ya faɗa. Seidu ya ce a buɗe waya a gan shi. Ishawu ya ce in kare na bakin aiki ba a kunna waya, abokan gaba na iya ganewa. Abin mamaki, ƙaryar nan ta fi karen amfani. Butoci sun huta, miyar Hajiya ta huta, ga shi layin ya samu abin alfahari, karensu na yi wa ƙasa aiki. Waɗanda suka zage shi jiya suka koma cewa dama sun ga alama. Har Alhaji Bukar aka ji yana cewa wataƙila yaron nan ya fara hankali.

Ranar naɗi aka tare layi, aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifikar biki. Ishawu ya sha farar shaddar da ya aro, ya karɓi makirufo ya ƙi saki. Ya taso kakansa, ya zaga da shi, ya kwantar. Ya ce a daidai lokacin da yake maganar nan Kwamanda na Paga ya tsare wata babbar mota, manya har sun aiko da godiya. Aka tafa. Seidu da aka ba shi makirufo ya ce shi dai zai yi iyakar ƙoƙarinsa, ya zauna. Dattawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Alhaji Bukar ya miƙe da rigar a hannu, ya kira sunan Ishawu.

Ya sa hannu ɗaya a rigar ke nan, sai wata farar mota ta tsaya a bakin rumfa tana neman hanya. Dakta Sherifa ta fito tana tambayar gidan Hajiya Sanatu mai waakye. Bayanta wani dattijo mai rawani ya sauko, ɗan Nijar, Malam Husseini mai albasa, riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar ga siririn jan kare mai kunne ɗaya a kwance, ya ɗan yi ƙiba, warin albasa na tashi daga jikinsa.

Likita ta gaida dattawa, ta ba da haƙurin katse taro. Ta ce wannan bawan Allah ya tsinci kare a ƙarƙashin motarsa a Agbogbloshie, ya ciyar da shi, sannan ya kai shi asibitin dabbobi, aka shafa aka ga daga gidan karnukansu ya fito. Sun yi ta kiran mai shi waya a kashe, shi ya sa suka biyo gida.

Ishawu, hannu ɗaya a riga ɗaya a waje, ya kawar da kai.

"Dakta, kin yi ɓatan kai. Wannan ba nawa ba ne. Nawa yana Paga."

"Malam Ishawu, ni na ba ka shi da hannuna."

"Jajayen karnuka a Accra ai sun fi mutane yawa. Dubi wannan, ko tsayuwar soja bai iya ba."

Bai rufe baki ba Kwamanda ya ji muryar. Ya fizge igiya daga hannun Malam Husseini, ya ratsa kujeru, ya daka tsalle ya dafe ƙirjin Ishawu, yana kuka yana lasar haɓarsa, sawu biyu baƙaƙe a kan farar shaddar aro. Ishawu na ture shi yana cewa haka karnuka suke masa ko'ina, jinin Saje suke ji.

Seidu ya taso a hankali ya ɗauki makirufo. Ya ce shi bai yarda a yi wa abokinsa ƙazafi a ranar farin cikinsa ba. Tunda Ishawu ya sha gaya musu na'ura ba ta ƙarya, a tambayi na'ura. Jama'a suka ce haka ne. Likita ta ciro abin shafawar ta ɗora a wuyan karen, Seidu ya kara makirufo, ƙarar ta fita ta lasifika har bakin titi. Ta duba lambar a wayarta tana karantawa, Seidu na maimaitawa da ƙarfi kamar mai sanarwar ɗaurin aure: suna Ishawu, ga sunan uba, ga lambar waya, gidan Hajiya Sanatu, ɗakin kusa da famfo. Hajiya daga cikin mata ta ce ƙwarai, ɗakin ne, ta shaida.

Wani ya tambayi likita ɗigon fa, mai nuna inda kare yake. Ta ce wane ɗigo? Da aka yi mata bayani sai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta ce kowa ya buɗe taswira a wayarsa. Aka zaro wayoyi, kowa ya ga ɗigo shuɗi a Maamobi, daidai inda yake zaune. Seidu ya ɗaga tasa sama ya ce ashe shi ma yana da kare bai sani ba. Liman ya duba tasa ya ce a'uzubillahi. Dariyar da aka yi ranar, wata tsohuwa sai da aka ba ta ruwa.

Alhaji Bukar kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya tambayi Ishawu abu ɗaya: ɓata karen ya yi, ko kai shi ya yi ya yar? Ishawu ya buɗe baki, Paga ta zo masa har bakin harshe, ya dubi karen da ke zaune a kan ƙafarsa, ya kasa. Malam Husseini ya ce shi dai rannan ya ga wani mai kama da wannan yana sanɗa ta bayan buhunansa da igiya a hannu, ya ɗauka fitsari zai yi.

"An ba ka amanar abu mai ƙafa huɗu, ka kai shi kasuwa ka gudu," in ji Alhaji Bukar. "Ni kuma in ba ka layi guda da mutanen cikinsa? Ciro hannunka."

Ya ciro. Hannu ɗaya ne dama, bai ɗauki lokaci ba. Aka sa wa Seidu rigar, ta ƙi rufuwa a ƙirji, aka bar ta a buɗe, ya busa usur aka tafa.

Saura kare. Likita ta ce ƙa'idarsu ba sa mayar wa wanda ya yar. Malam Husseini ya ce in ba damuwa shi yana so, tun da karen nan ya zo ɓeraye suka bar masa rumfa, kuma yana da fili a baya. Ta yi masa tambayoyi, ya amsa a taƙaice, ta ce za su je tare su ga wurin. Nan a tsaye ta goge suna a wayarta ta rubuta wani. Aka ja Kwamanda zuwa mota yana tirjewa yana waiwaye.

Nan fa jikan Saje ya manta da jama'a. Ya bi motar yana bubbuga gilashi, yana gaya wa Malam Husseini cewa karen ba ya iya ci in ana kallonsa, a juya masa baya. In hadari ya haɗu a lulluɓe shi da buhu, tsoron tsawa yake. Kuma a riƙa sosa masa ƙarƙashin wuya, don Allah, can yake so. Mota ta ja, shi yana bin ta da gudu cikin shaddar aro har bakin titi, yana ta faɗa ba mai jin sa. Wasu suka fara dariya, suka ji ba ta yi daɗi ba, suka bari.

Ya daɗe a bakin titin. Da ya dawo an fara naɗe rumfa, masu ataya sun koma benci, Seidu a tsakiya da riga mai sheƙi. Aka matsa masa wuri. Ya zauna ya share ido da hannun riga, ya ce hayaƙin mota ne. Seidu ya zuba shayi ya miƙa masa. Ya kurɓa, ya yi gyaran murya.

"Ku ba ku san aikin gwamnati ba," in ji shi. "Canjin wurin aiki ne. Ni na sa hannu."

Seidu ya dubi rigar da ke jikinsa, ya dubi abokinsa.

"Haka ne, ranka ya daɗe," ya ce. "Sha shayinka kada ya huce."